Likitan kare, likitan ɗanka ne

Watan jiya wani abu ya faru a makarantar da nake koyarwa, har yau bai fita raina ba. Mai gadinmu yana da kare, irin dogayen nan masu shafaffen ciki, ya shekara huɗu yana kwana a ƙofar ofishin darakta. Yara sun saba da shi, shi ma ya saba da su. Ranar nan, lokacin hutun ƙarfe goma, wata yarinya ƴar aji uku ta taka masa wutsiya a guje, ya juyo ya kama mata ƙauri. Ba wani babban rauni ba ne, haƙora biyu ne suka shiga. Muka wanke wurin, muka kai ta gidan likita.

Tambayar farko da ma'aikacin lafiya ya yi mana ita ce: an yi wa karen lamba? Muka dubi juna. Malamai bakwai, ba wanda ya sani. Da aka kira mai gadi, dariya ya yi ya ce: "Malam, kare ma allura ake masa?" Sai ma'aikacin ya ce yarinya za ta fara allurar rigakafi a ranar, karen kuma a kai shi wurin likitan dabbobi a sa masa ido. Nan ma muka sake duban juna. Mun san hanyar kowace farmasi a garin, mun san inda ake sayar da dusa da ƙwayar auduga, amma inda ake duba kare ba mu sani ba.

Na wuni bisa kabu-kabu ina tambaya. Wani mai shagon maganin dabbobi ya ce shi na shanu da awaki yake da shi. Wani ya kalle ni kallon wanda ya rasa abin yi. Sai da la'asar na isa ofishin ma'aikatar kiwo, inda wani ma'aikaci ya saurare ni ya ce: "Ai aikinmu ne, ku ne ba ku zuwa." Karen dai ya cika kwanakinsa lafiya, yarinya ma tana nan tana karatunta, alhamdu lillahi. Amma sai da mahaifinta ya sayar da akuya kafin ya biya kuɗin allurai da na zirga-zirga.

Ra'ayina, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne duk gidan da ke da kare ko kyanwa, da duk makarantar da kare ke shiga harabarta, wajibi ne su san likitan dabbobi mafi kusa da su tun kafin wani abu ya faru. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalili na farko shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na waɗanda suka kamu daga kare suka same shi, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ɗalibanmu ke nan. Yaro shi ke jifan kare, shi ke jan kunnen kwikwiyo, kuma da yake gajere ne, cizon kan same shi a fuska ko wuya ko hannu. Sannan yaro yakan ɓoye cizo don tsoron kada a doke shi a gida.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta shiga jiki ta cizo ko yakushi, ko ta lasar wani miki, sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. A wannan tsakani raunin ya warke, kowa ya manta. Da zarar alamu sun bayyana, zazzaɓi, ruɗewa, tsoron ruwa, kasa haɗiya, to kusan babu mai tashi. Amma idan aka wanke rauni aka yi allura kafin alamu su fito, ana tsira. Ba abin jiya ba ne wannan sani. Tun ranar 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya gwada allurarsa a Faransa kan wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister da mahaukacin kare ya ciza, yaron kuma ya rayu. Shekara 140 ke nan, amma har yanzu a garuruwanmu ana ƙona gashin karen a shafa a rauni, ko a zuba barkono da toka, a ce an yi magani.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska. "Malam, mutum bai samu kuɗin maganin masassarar ɗansa ba, kana maganar likitan kare? Wannan ai na Turawa ne da manyan Yamai." Maganar talauci gaskiya ce, ban raina ta ba. Sai dai lissafin ne ya juye. Allurar kare guda ɗaya ce a shekara. Ta mutumin da aka ciza kuwa allurai ne da yawa a ranaku daban-daban, kowace ta fi ta karen tsada nesa ba kusa ba, ga kuɗin mota idan babu ita a gidan likitan ƙauyenku, ga ranakun aiki da suka salwanta. Talaka shi ya fi kowa buƙatar a yi wa karen unguwa lamba, don shi ne ba zai iya ɗaukar nauyin abin da ke biyo bayan cizo ba.

Wasu kuma addini suke kawowa, su ce kare ƙazanta ne, kula da shi ba aikin musulmi ba ne. A tambayi malamanmu. Shari'a ta halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Ba wanda ya ce ka kwana ɗaki ɗaya da kare. Amma idan ka ajiye shi yana maka gadi, yana da haƙƙi a kanka, maƙwabcinka ma yana da haƙƙin kada dabbarka ta cutar da ɗansa. Mu ba baƙin kare ba ne a ƙasar nan. Mafarautanmu da karnukansu suke fita daji da rani, makiyayi ba ya rabuwa da nasa, kuma karen Azawak da Turawa ke saye da tsada suna taƙama da shi, daga arewacin Tawa sunansa ya fito.

Akwai kuma masu cewa a zuba guba a kashe karnukan titi a huta. An sha yin haka a garuruwa da yawa na duniya, bai kawar da ciwon ba. Inda aka kashe karnuka, wasu ke shigowa su maye gurbi, tunda juji da mahauta suna nan. Gubar kuma ba ta zaɓe: tana kashe karen da aka yi wa lamba, tana kashe angulu, tana iya faɗawa hannun yaro. Abin da masana suka tabbatar shi ne, idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Maƙwabtanmu na Cadi sun gwada. A 2012 da 2013 an yi gangamin yi wa karnukan Injamena lamba kyauta, aka kai wannan adadi, ciwon kuma ya ɓace daga karnukan birnin na tsawon watanni, sai daga baya ya sake shigowa daga wajen gari. Darasin biyu ne: abin yana yiwuwa a birnin Sahel irin namu, kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne.

To ina za a samu likitan? Wahalar da na sha ta koya mini cewa suna nan, suna ne kawai ya ɓoye su. A wurinmu da wuya ka ga allo an rubuta asibitin karnuka da kyanwoyi in ba a Yamai ba. Ƙofar farko ita ce ofishin ma'aikatar kiwo, wanda ke akwai a matakin jiha da na gunduma, kuma ƙananan hukumomi da yawa suna da ma'aikacin kiwo nasu. Shi ne mutumin da kuke gani yana duba nama a mahauta, ko yana yi wa shanu allura lokacin gangamin shekara. Ƙofa ta biyu ita ce likitocin dabbobi masu zaman kansu na tsarin da ake kira SVPP, waɗanda ke aiki da mataimaka a ƙauyuka. Idan ka rasa hanya, tambayi sarkin fawa ko dillalan kasuwar dabbobi, ba su rasa lambar wayar likita. A Yamai kuma akwai LABOCEL, babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa.

Idan ka je, ka lura da abu uku. Allurar haukan kare a firigo take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta wuni a tire cikin ranar kasuwa ruwa ce kawai. Ka nemi a ba ka karne mai ɗauke da ranar allura da tambarin kwalbar da sa hannun likita, don wannan takarda ita za a tambaye ka ranar da karenka ya ciji wani. Sannan ka tambayi ranar komawa. Kwikwiyo da ɗan kyanwa ana fara musu tun suna wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Tunda ka je, sai a duba tsutsar ciki da kaska da ƙazwa, don wasu daga cikin waɗannan suna tsallakawa zuwa ga yaran da ke wasa a ƙasa ɗaya da dabbar.

Kada kuma mu mai da kanmu likitoci. Farasitamol da muke sha kamar gyaɗa yana kashe kyanwa. Maganin feshin wake ko na auduga da wasu ke shafa wa kare don kaska guba ne gare shi da yaron da zai taɓa shi. Kuma ba kowane kare mai ciwon hauka ke bin mutane da cizo ba. Wani lafewa yake yi, baki a sake, yawu na zuba, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa a wuya ya cusa hannu. Dabbar da halinta ya canza haka kawai, a tsare ta wuri ɗaya ba tare da an taɓa ta ba, a kira likita.

Ƴan'uwana malamai, akwai darasi na minti biyar da ya kamata kowane aji ya ji, daga CI har CM2. Idan kare ko kyanwa ya cije ka ko ya yakushe ka, ka faɗa wa babba nan take, ba wanda zai doke ka. A wanke wurin da ruwa da sabuni na minti 15 cur, ana duba agogo. Kada a zuba komai na gargajiya, kada a ɗaure. A tafi gidan likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Kada a kashe karen idan ana iya tsare shi lafiya, don likitan dabbobi zai sa masa ido kwana 10 zuwa 15, kuma abin da ya gani zai taimaka wa likitan mutane. Amma ba a jiran ƙarewar kwanakin kafin a fara allura. Mu kuma koya musu kada su taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, ko karya mai shayarwa. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, ana gab da komawa makaranta. Makon farko na shekarar karatu ya dace da wannan darasi.

Kwamitin COGES da ƙungiyar iyayen ɗalibai su ma suna da abin yi da ba ya cin kuɗi: a rubuta lambar wayar ma'aikacin kiwo a bangon ofishin darakta kusa da ta gidan likita, kuma kada a yarda mai gadi ya ajiye kare a makaranta sai da karne. Ga magadan gari da hukumomin kiwo kuwa roƙo nake. Kowace shekara ana gangamin yi wa shanu da awaki da tumaki da raƙuma allura kyauta, ma'aikata da akwatunan sanyi suna zagaya ƙasa. A ware rana ɗaya a kowace unguwa don karnuka da kyanwoyi, a sa masu unguwa da limamai su yi shela. Duniya ta sa wa kanta 2030 a matsayin shekarar da ba za a ƙara rasa rai ba saboda cizon mahaukacin kare. Ba za mu kai can ba muddin mai gadi yana dariya idan an ce a yi wa karensa allura.

Mai gadinmu dai yanzu ya daina dariya. Karnen karensa yana cikin aljihun tebur ɗin darakta, tare da rajistar ɗalibai. Kai fa, uban yara, karen da ke kwance a ƙofar gidanka yanzu haka, yaushe rabonsa da allura, kuma wa za ka kira idan ya ciji ɗan maƙwabci gobe da safe? Idan ba ka da amsa, ka nemo ta cikin makon nan. Allah ya tsare mana zuri'a.