Yaron ya san amsar, baki ne ya ƙi buɗewa



Ɗan ƙanena ya karanta ilimin kwamfuta a jami'ar Tawa. Kwanan baya wani babban kamfanin ƙasar waje ya kira shi ganawar ɗaukar aiki ta bidiyo, aikin rubuta manhaja. Saboda tsoron ɗaukewar wuta da raunin rezo, Ƙonni ya tafi ya kwana gidan abokinsa. Wuta ta tsaya, rezo ya tsaya, amma ba a ɗauke shi ba.

Ga yadda abin yake. Ana ba ka matsala ɗaya, misali a jera maka lambobi a ce nemo biyu da jimillarsu ta ba da kaza, a ba ka kamar minti 45. Ba amsa kaɗai suke jira ba. So suke su ji kana tunani da baki: me ka fahimta, wace hanya ka ɗauka, don me ka bar waccan. In tambaya ba ta fita ba, ka ce a maimaita. In mai tambayar ya yi kuskure, ka gaya masa. Shi kuwa namu ya sunkuyar da kai, ya yi shiru minti ashirin yana rubutu. Amsa ta fito daidai, mutumin bai ga ta inda ta biyo ba.

To wa ya koya masa shirun nan? Mu ne. Tun yana ƙarami muke ce masa ba a kallon babba cikin ido, ba a mayar da magana. A lakwal ma malam ya faɗa, yaro ya kwafa. Ni ban ce a zubar da kunya ba, wallahi ado ce a zauren gida. Amma yaron nan ranar Alhamis in ka gan shi kasuwar dabbobi yana cinikin rago da dillali, sai ka rantse lauya ne.

Akwai kuma Ingilishi. Da Faransanci muka yi karatu, ganawar kuwa da Ingilishi ake yi, alhali Sakkwato na nan kusa da mu.

Malaman lise, ku riƙa fiddo yaro gaban allo ya yi bayanin lissafinsa da ƙarfi, ku bari ya musa muku. Ɗan ƙanena dai yanzu kullum bayan la'asar yana zaunar da ni yana min bayanin abin da ban gane ba, ni kuma ina ta jefa masa "don me?"