Hutun Ma'aikaci: Yara Ma Suna Da Rabo A Cikinsa

Dokar aikin gwamnati ta ba babban ma'aikaci hutun kwana 30 a kowace shekara, na ƙasa da shi kuma gwargwadon matsayinsa. Amma in aka bi diddigin yadda ake cinye kwanakin nan a ƙasar Gumel, za a tarar wani ya ƙare su a gona, wani a bin bashi, wani kuwa a kan tabarmar majalisa tun daga hantsi har la'asar. Ɗan shekara huɗu da ke cikin gida bai ma san uban nasa ya yi hutu ba. In ka nemi dalili, sai a ce maka fita da iyali yawon buɗe ido al'adar Turawa ce da masu hannu da shuni, waɗanda ke kwasar 'ya'yansu zuwa bakin teku a Ikko ko Dubai. Mu dai a ganinmu wannan hujja ba ta da ƙwari.

Gaskiya ne teku ta yi mana nisa, domin tsakanin Gumel da Ikko ya fi kilomita 1,000, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin mai albashi. To, amma me ƙaramin yaro yake nema a bakin teku? Rairayi ne da sarari, da abin kallon da bai saba gani ba, ga kuma babansa a zaune kusa da shi ba ya gaggawar zuwa ofis. Rairayi kuwa daga gare shi jiharmu ta samo sunanta. Wanda ya ga yara suna gina ɗaki da jiƙaƙƙen yashi a kan ƙafarsu a jigayin Sule Tankarkar bayan an ɗauke ruwa, ya san ba su rasa komai ba sai mai kai su da mai tsaronsu.

Abin kallo ma ba a bar mu a baya ba. Masarautar Gumel ta Mangawa ce, an kafa ta wajen 1750, ta bi Barno, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, kuma tsohon mazauninta Tumbi yanzu yana cikin Jamhuriyar Nijar. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya ratso Sahara ya sauka a Gumel, ya rubuta cewa babbar kasuwar kanwa ce. Ashe abin da ya kawo baƙo daga uwa duniya, shi ne mu muke wucewa a kan babur ba ko waiwaye. Uban da ya ɗora ɗansa a wuya ranar hawan salla a ƙofar fada, ya nuna masa dogarai da 'yan lifidi da masu busa kakaki, ya koya masa darasin da ba ya cikin allo.

Daga Gumel zuwa Maigatari bai kai tafiyar awa guda ba. Ranar Alhamis kasuwarta takan cika da raƙuma da shanu da tumaki daga Nijar, ga buhunan riɗi da zoɓo, ga Fulani da Buzaye da fataken kudu kowa da harshensa. Yaron da ya ga raƙumi ya durƙusa an ɗora masa kaya ba zai ƙara tambayar ma'anar ayari ba. A Gagarawa kuma akwai tashar jirgin ƙasa a kan layin Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930, wanda ya sha jigilar gyaɗa a zamanin kakanninsa. Mai ɗan hali da yake son ruwa sai ya miƙa dausayin Baturiya a ƙasar Haɗeja, inda tsuntsaye ke sauka da hunturu tun daga Turai, wanda aka sa cikin jerin muhimman dausayoyin duniya a 2008.

Kada a ɗauki zancen nan a matsayin nishaɗi kawai. Yaro ba ya fasa son ruwa don babansa ba shi da lokaci. In ba a kai shi ba, zai bi yayyensa a sace zuwa kududdufin bayan gari, inda ake ɗebo tsargiya, inda kuma kusan kowace damina sai an ji wata uwa tana kuka. Gara ya ga ruwa hannunsa yana cikin na mahaifinsa, a nuna masa inda ake tsayawa.

Sai dai fita da ƙaramin yaro tana da sharuɗɗa. A zaɓi kaka ko hunturu, a guji bazara lokacin zafi da sanƙarau. A yi sammako, a juyo kafin azahar. A riƙe ruwan sha da guzuri daga gida, kuma a karar shanu kada a saki hannunsa ko da ƙiftawar ido. Uwargida ma a tafi da ita, domin ita ce ba ta da ranar hutu ko ɗaya a shekara.

Saura hukuma. Muna kira ga ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da su ware wani abu daga harajin kasuwanni su gina rumfuna, da famfo, da makewayi mai tsabta, yadda mace mai goyo za ta sami wurin zama. Kwalejin Ilmi ta Gumel kuma ta horar da ɗalibanta su riƙa yi wa baƙi jagora a lokacin hutu, su sami na sabulu, su kuma san tarihin garinsu. Ma'aikaci kuwa, a cikin kwana 30 ɗin nan ya cire biyu rak ya ba ɗansa. Gona ba za ta lalace ba, majalisa ma ba za ta watse ba.