Mawus ya ƙi aiki a laftof? Kada ka yarda a yi maka fomatin

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a nan Talata Mafara, har Bakura da Maradun. Mutum ya jona mawus a laftof, kibiya ta ƙi motsi, sai kawai a ce masa "Windows ɗin ne ya lalace, sai an yi fomatin." Ni mai gyaran waya ne, amma ra'ayina shi ne wannan gaggawa ce mai tsada. Ɗalibin Abdu Gusau Polytechnic da furojet ɗinsa ke cikin laftof zai iya rasa aikin wata shida saboda mawus ɗin da bai kai kuɗin fomatin ɗin ba.

Ka sani, an gina kwamfuta ne ta gane mawus da zarar an jona shi, ba sai an kashe an kunna ba. Windows na yin haka da USB tun zamanin Windows 98. A Linux kuma, X.Org, manhajar da ke zana fuskar allo, ta fara gane abin da aka jona tana cikin aiki a 2007, aka ƙara gyara tsarin da udev a 2010. To idan yau ta ƙi, akwai takamaiman dalili, kuma ana iya gano shi.

Fara da wayarka. Sami kan OTG, ka jona mawus ɗin. Idan kibiya ta fito a allon waya, mawus lafiyarsa ƙalau. Wasu wayoyin sai ka kunna OTG a saitin tukuna. Idan marar waya ne, canza batir. Daga nan gwada wata ƙofar USB, don ƙurar hunturu na cika su sosai a wajenmu.

A Windows, shiga Device Manager, nemo USB Root Hub, ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe ƙofar don tanadin caji. A Linux, rubuta lsusb. Idan sunan mawus ya fito amma kibiya na tsaye, kwamfutar ta gan shi, fuskar allo ce ba ta karɓe shi ba. Duba fayil ɗin xorg.conf a cikin /etc/X11. Idan an sa AutoAddDevices a false, goge layin, sannan ka tabbatar direban libinput na ciki.

Wani zai ce fomatin ma ai yana gyarawa. Gaskiya ne, wani lokacin. Amma idan ƙofar ce ta mutu, ka yi asarar fayilolinka a banza, matsalar na nan daram.

Don haka ɗan uwa, kafin ka miƙa laftof, tambayi mai gyara me ya gwada. Idan bai gwada mawus ɗin a wani wuri ba, karɓi kayanka. In kuwa fomatin ya zama dole, kwashe fayilolinka a filash tukuna.