"Za Mu Daidaita" Ba Albashi Ba Ne

Akwai wata magana da ta cinye gumin ma'aikata da yawa a ƙasar nan, ita ce "za mu daidaita." Da ita ake ɗaukar malami a makarantar kuɗi, da yaron gidan mai, da yarinyar da ke tsaron kantin magani. Idan wata ya ƙare sai maigida ya miƙa abin da ya ga dama, ya ce ya cire kuɗin makara da na kayan da suka ɓace. Ma'aikaci ya karɓa ya haɗiye, domin ba shi da takardar da zai nuna.

Doka ba ta bar wannan ga son ran maigida ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta masa bai wa ma'aikaci rubutaccen bayani cikin wata 3 da fara aiki: irin aikin, adadin albashi, yadda ake lissafa shi da lokacin biyansa, sa'o'in aiki, hutu, da wa'adin sanarwa kafin sallama. Idan an sauya wani sharaɗi, dole a sanar da ma'aikaci cikin wata 1.

Masu kare al'adar baka suna cewa mu mutanen amana ne, neman takarda kuwa alamar rashin yarda ce. Wannan hujja ta fi ba ni haushi, domin ta ari rigar addini ta rufe zalunci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Mutumin da ya yi maka aikin kwana 30 bai karɓi komai ba, mai binka bashi ne. Kuma duk maigidan da ke kiran amana wajen albashi, ba ya sayen fili sai da takarda da shaidu.

Ita ma dokar tana da giɓi. Wata 3 ya yi yawa, domin ana iya sallamar mutum kafin ya ga ko layi ɗaya. Ma'anar "ma'aikaci" a cikinta ta fitar da masu aikin gudanarwa da ƙwararru. An mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a 2024, amma wanda ba a rubuta masa albashinsa ba, da me zai tabbatar wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa cewa an tauye shi? Kamata ya yi takardar ta zama wajibi tun ranar farko, ga kowa.

Da yawa daga cikinmu ba za mu fara aiki a ofis ba sai mun riƙe takardar ɗauka, amma direbanmu da maigadinmu suna zaune kan alkawarin baka. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa ko da ajami in shi mutumin yake karantawa, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa. Wanda ya ƙi rubuta abin da ya alkawarta, ya bar wa kansa ƙofar saɓawa ne, kuma ya san haka.