Yaro Fasinja Ne, Ba Kaya Ba: Magana a Kan Tiren Kwali na Tafiya



Ba kullum ake samun fasto yana rubutu a kan kwali da gam a wannan shafi ba. Mun kuma san akwai dattawan da za su ce matsalolin ikkilisiyoyinmu sun fi ƙarfin irin wannan zance: ga batun filin majami'a, ga na makabarta, ga kuɗin makarantar yara. Da gaskiyarsu. Amma muna roƙo a yi haƙuri a karanta, gama abin da ke bayan kwalin nan ran yaro ne da kuma tarbiyyarsa.

Yawancinmu mutanen nesa ne. Aiki ko kasuwanci ko aure ya kawo mu Kano, Katsina, Gusau, Sakkwato da Dutse, amma kakannin 'ya'yanmu suna Kaltungo, Zonkwa, Pankshin, Numan, Biu da Zuru. Da zarar Disamba ta raba, sai bencin majami'a ya fara yin fili, kowa ya kama hanyar gida. Mai zuwa Jos zai bi ta Zariya, Pambeguwa da Saminaka. Mai zuwa Kafanchan zai ratsa Kaduna ya bi ta Kachia. Mai zuwa Numan sai ya kai Gombe, ya wuce Kumo, Billiri, Kaltungo da Cham tukuna. Daga Kano zuwa Maiduguri kaɗai kusan kilomita 600 ne. In aka haɗa da ramuka, da shingayen jami'an tsaro, da jiran mota ta cika a tasha, yaron da aka tashe shi kafin gari ya waye yakan kai la'asar ko faɗuwar rana bai sauka ba.

To, yaya yaron nan yake yin waɗannan sa'o'i? Kowa ya sani. An lissafa buhun shinkafa da galan ɗin mai da akwatin sababbin kaya, an ba kowannensu wuri, sa'an nan aka cusa yaro a abin da ya rage, sau da yawa bisa cinyar uwarsa ko ta yayarsa. In ya yi motsi a ce ya natsu. In ya yi tambaya a ce ya cika surutu. In ya fara kuka, sai a miƙa masa waya ya yi ta kallo har batir ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta fitar a 2019, ta ce kada kallon waya ko talabijin na yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana, jariri kuwa kada a ba shi sam. A hanyar Kirsimeti akwai yaran da ke cinye rabon mako guda kafin a kai Bauchi.

Shawararmu ƙarama ce: kowane yaro daga shekara huɗu zuwa sama ya sami ɗan tire nasa na ɗorawa a cinya, wanda aka haɗa a gida, inda zai yi zane, ya yi rubutu, ya ajiye abincinsa.

Haɗa shi ba wuya. A samo kwali mai kauri, irin na taliya ko na sabulu, masu shago sukan bayar kyauta ko a ɗan kuɗi kaɗan. A yanka falle uku, tsawo inci 14, faɗi inci 10. In yaron ƙarami ne a rage, domin kada tiren ya tokare ƙofa ko maƙwabcin zama. Wajen mannawa akwai dabara: in kun duba bakin kwali za ku ga yana da layuka a ciki kamar kwano na rufi. A sa layukan fallen tsakiya su gitta na sauran biyun, sai a shafa gam, a danne da abu mai nauyi ya kwana. Kwalin da aka manna haka ba ya lanƙwasawa da sauƙi. Kusurwoyi huɗun a yanke su su zama da'ira, kada a bar tsini. Sa'an nan a yi masa ɗan baki kewaye, tsayin inci ɗaya, da guntun soson katifa ko kwalin da aka naɗe, domin kada alli da kwalbar ruwa su riƙa gangarawa ƙarƙashin kujera. Duk uwar da ta taɓa sunkuyawa neman murfin biro cikin mota mai gudu ta san amfanin bakin nan.

Daga ƙasa a ɗinka masa siririn matashi. Guntayen atamfa suna nan jibge a shagon kowane tela, a cika da audugar rimi ko yankakken soso, kada a cusa ya yi tauri, a bar shi ya kwanta bisa cinya. Daga sama, wasu za su fi son ledar tebur domin sauƙin gogewa. Mu dai mun fi son a shafa baƙin fentin allo a rabi, a bar rabin da leda, gama alli ya fi komai araha, ba ya da tsini, rana kuma ba ta narkar da shi kamar yadda take narkar da kalar kireyon in an manta ta cikin mota. A gefe a ɗinka aljihu ɗaya na alli, tsumman gogewa da 'yan takardu. Shi ke nan. Kada a sa masa igiyar ratayawa a wuya, kada kuma a ɗaure shi a jikin yaro.

Wani zai ce, me ya sa za mu wahala da kwali, alhali ga tiren silba a kicin, ga kuma kafinta a cikin membobinmu da zai yanko mana falanki mai kyau cikin minti goma? A nan muke so mu tsaya, domin a nan ne mutane masu kyakkyawar niyya sukan jawo haɗari. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, in ta daki abu ta tsaya nan take, duk abin da ke cikinta yana ci gaba da tafiya da gudun nan. Ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato kamar daga bene mai hawa uku. In gudun ya ninka ya zama 100, ƙarfin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne, kamar faɗowa daga kusan mita 40. Su wane ne cikin direbobin hanyar Gombe suke tsayawa a 50? Yanzu ku ɗauka akwai katako ko ƙarfe mai kaifin baki tsakanin cikin yaro da bayan kujerar gaba. Kwali zai murƙushe ya lalace, abin da ake so ke nan. Katako ba zai murƙushe ba, cikin yaron ne zai karɓi bugun. Saboda haka ko kyauta aka ba ku falanki, ku yi godiya ku yi benci da shi.

Amma babban dalilin da ya sa muke wannan rubutu shi ne: tiren cinya yana bukatar cinya. Yaron da aka ɗora bisa ƙafar wani ba shi da inda zai ajiye tire. Duk iyayen da suka yarda su haɗa wa ɗansu wannan abu, sun yarda ke nan cewa zai zauna a kujerarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. A ƙasarmu an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a 2003, tana kuma gargaɗi kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara 12 a gaban mota. Duk da haka za ka ga baba ya ɗaura nasa bel domin tsoron tara, mama kuma tana gefensa rungume da ƙaramin. Hannun uwa yana da ƙauna, amma ba shi da ƙarfin riƙe yaro a irin bugun da muka kwatanta. Ko dai yaron ya fita ta gilashi, ko kuwa jikin uwar ya matse shi. Wurinsa baya ne, da bel in motar tana da shi, tiren kuma a bisa bel ɗin, ba a ƙarƙashinsa ba. Ƙananan da ba su kai bel ɗin manya ya kama su daidai ba, kujerar yara ta mota ce tasu, ga wanda ya sami hali.

Mun san amsar: kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kujera ya tashi ƙwarai, mai 'ya'ya huɗu kuwa ba ƙaramin lissafi ke gabansa ba. Ba mu raina wannan ba, albashin fasto ma bai fi na kowa ba. Sai dai mu dubi lissafin da kyau. Gidan da ya ɗinka wa kowa sabon kaya, ya sayi akuya, ya biya wa buhu biyu kuɗin lodi, sa'an nan ya ce kujerar yaro ce ta gagara, gidan nan ba rashi ne ya hana shi ba, tsarin abin da ya fi muhimmanci ne ya karkace. Inda kuwa rashin na gaske ne, ai domin haka ake da ikkilisiya. Iyalai biyar masu zuwa yanki ɗaya za su iya ɗaukar shatar bas guda, su ƙidaya kawuna har da na yara, su kuma sami bakin ce wa direba ya rage gudu, ya tsaya bayan kowace awa biyu yara su miƙe ƙafa su yi fitsari. A motar tasha ba ka da wannan iko. Wata shekarar ma, in abin bai yiwu ba, gara rabin gida su tafi a zaune da kyau da dukan gida su tafi a cushe.

Akwai 'yan abubuwan lura. Wasu yara in sun sunkuya suna kallon abu ɗaya cikin mota sai zuciyarsu ta tashi, domin ido yana ce wa ƙwaƙwalwa a zaune ake, kunnen ciki kuma yana ce mata tafiya ake. Irin wannan yaro a ɗauke masa tiren in an shiga kwane-kwane, ya dubi nesa ta taga, a bar masa iska. Gyaɗa, aya da alewa mai tauri kada a zuba wa ƙananan yara mota tana tafiya, gama rami ɗaya ya isa su shaƙe. Fensir mai tsini da almakashi su zauna a gida.

Sa'an nan me za a yi a kan tiren? A Maimaitawar Shari'a 6:7, cikin lokatan da Musa ya lissafa wa Isra'ilawa na koya wa 'ya'yansu maganar Allah, akwai lokacin tafiya a hanya. A gari, uba ya fita tun safe, uwa tana kasuwa ko ofis, yara suna makaranta da lesin. Makarantar Lahadi awa ɗaya ce a mako. A mota kuwa ga awa takwas, ba mai zuwa ko'ina. Yaro ya rubuta sunan kowane garin da aka wuce. Ya ƙidaya gadoji. Ya zana jirgin Nuhu, ƙanwarsa ta faɗi dabbobin da za a shigar. A rubuta masa ayar haddacewa, a riƙa goge kalma ɗaya-ɗaya har ya iya ta ba tare da allo ba.

Hanyoyin nan namu kuma cike suke da tarihin da 'ya'yanmu ba su sani ba. In an iso Zariya, a gaya musu Wusasa tana nan kusa, a ba su labarin Dokta Walter Miller da aikin fassara da ya kai ga fitowar Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Masu wucewa Kaltungo su ji cewa a 1917 masu bishara na SIM suka iso ƙasar Tangale. Masu zuwa Numan su ji sunan Likita Bronnum, mutumin Denmak, da ya sauka can a 1913. Masu zuwa wajen Garkida su ji labarin sujadar farko a gindin tsamiya a Maris na 1923. Yaron da ya girma inda majami'arsa take a bayan gari, a ajinsu kuma su biyu ne ko uku, yana bukatar ya san cewa bangaskiyarsa tana da saiwa a ƙasar nan.

Ga kuma batun harshe, wanda yake ci mana tuwo a ƙwarya. Da yawa cikin 'ya'yanmu Hausa da Turanci kaɗai suke ji. Kaka ta fito da murna ta gaishe su da Tangale ko Bura ko Jju ko Ngas, su tsaya suna kallonta kamar baƙi. Awa takwas ba za ta koya wa yaro harshe ba, amma ta isa ya riƙe gaisuwar safe, da na gode, da sunan ruwa da abinci, in an rubuta masa a allonsa ana maimaitawa daga Wudil har gida.

Luka 2 ya ba mu labarin Yusufu da Maryamu suna komowa daga Idi a Urushalima, suka yi tafiyar yini guda cur suna tsammani yaron yana cikin ayari. Mutanen kirki ne masu tsoron Allah, hidimar tafiya ce ta ɗauke musu hankali. In hakan ya faru da su, babu gidan da zai ce ya fi ƙarfin a tuna masa.

Don haka muna roƙon dattawa su sa wannan cikin ajandar zamansu na Oktoba ko farkon Nuwamba, ba mako guda kafin tafiya ba. A sanar a majami'a cewa masu shaguna su fara tara kwali, teloli su tara guntayen yadi. A ba Zumuntar Mata da malaman makarantar Lahadi Asabar ɗaya, matasa su yi yanka da manni, yaran da kansu su rubuta sunayensu a bayan tirensu. A ranar ce kuma ya kamata magatakarda ya zauna da takarda a bakin ƙofa, ya rubuta wane iyali ne zai bi wace hanya, ran nawa ga wata, da mutum nawa, manya da yara, domin a san bas nawa za a nema tun kuɗin shata bai tashi ba.