A Ba Kowane Aji Tukunyar Wardinsa

 A wannan makon muna so mu yi magana kan filin furannin da ke bakin ƙofar makaranta. Mu 'yan ƙananan azuzuwa mu ne muke ɗebo ruwan da ake zuba masa, don haka muna ganin muna da ta cewa.

Kowa ya san yadda abin yake. Da damina a sa mu yi kaftu, a dasa furanni, wuri ya yi kyau na wata biyu ko uku. Da hunturu ya shigo sai ganye ya fara bushewa, awaki su shigo ta inda katanga ta faɗi su ƙarasa sauran. Kafin watan Maris ba abin da yake saura sai duwatsun da aka shafa wa farar ƙasa. Shekara ta zagayo a sake sabon lale. Abin da ya fi damun mu shi ne wanda ya makara shi ake miƙa wa bokiti a ce ya je ya yi ban ruwa. Yaron da aka ba shi ban ruwa a matsayin horo ba zai taɓa son fure ba. Watsa ruwan zai yi ya gudu aji.

Shawararmu ita ce a rage dogaro da wannan babban fili, a ba kowane aji tukunya ɗaya ko biyu ta gajeren wardi, a ajiye a ƙofar ajin, ya zama nasu ne.

Wardi dai shi ne furen nan mai ƙaya da Turawa suke kira ros, wanda muke gani a jikin katin gaisuwa. Akwai irinsa gajere da yawancinsa bai wuce santimita 30 zuwa 60 ba, wato iyakarsa gwiwarmu. Ganyensa ƙanana, ƙayarsa ƙanana, furensa kuma ya ɗan ɗara murfin kwalbar lemo. Akwai ja, fari, ruwan hoda da ruwan ɗorawa. Da muka bincika tarihinsa mun ga asalin irin daga ƙasar Sin yake. Fiye da shekara 100 da suka wuce wani mutum mai suna Roulet ya gan shi a cikin tukunya a bakin tagar wani gida a ƙasar Suwizalan, har aka sa wa irin sunansa. Daga shi ne wani ɗan ƙasar Holan, Jan de Vink, ya samar da irin da aka fara sayarwa a Amurka a 1936 da sunan Tom Thumb. Wani Ba'amurke kuma, Ralph Moore, ya ƙare rayuwarsa yana samar da sababbin irinsa a jihar Kalifoniya, har ya rasu a 2009 yana da shekara 102. Kun ga ke nan tun farko a cikin tukunya aka san wannan fure, ba mu muka ƙirƙiro ba.

Babban amfanin tukunya shi ne ana iya ɗaukar ta. Wardi yana son rana ta kamar awa shida a yini, amma ranar azahar ta watan Afrilu a nan wajenmu ƙona shi take yi. Filin bakin ƙofa ba yadda za a yi da shi, a rana yake tun safe har yamma. Tukunya kuwa sai a ajiye ta a gefen gabas na aji, ta sha hantsi, in rana ta take inuwar gini ta rufe ta. Idan aka ga awaki sun matsa, a shigar da ita aji bayan an tashi. Idan hutu ya zo, musamman hutun zango na biyu da yakan faɗo cikin zafi, wani ɗan ajin da gidansu yake kusa ya tafi da ita gida ya dawo da ita.

Ba sai an sayi tukunya ba. Akwai bokitan fenti da aka gama da su, akwai jarkokin da suka fashe ta sama. Abin da ake buƙata shi ne zurfin ya kai kamar santimita 30, tsawon rular lissafi ke nan, a wanke sosai, a huda gindin wuri huɗu ko biyar da ƙusa mai zafi. In ba a huda ba ruwa zai kwanta, saiwa ta ruɓe. Baƙin bokiti yana ɗaukar zafi har ya dafa saiwa, gara fari, ko tukunyar ƙasa irin tamu wadda ta fi sanyi. A haɗa ƙasar lambu da ɗan yashi da takin dabbobi wanda ya daɗe ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi, wannan malamin aikin gona ya sha faɗa mana a aji. Sannan a ɗora tukunyar a kan bulo biyu saboda gara.

Mun san abin da wasu za su ce: ruwan sha ma wahala yake, ina ga na fure? Wannan magana ce mai ƙarfi, domin mu ne muke bin layin famfo. To amma a auna. Buta ɗaya ta ishi tukunya ɗaya a rana, sai in zafi ya tsananta a ƙara mata da yamma. Filin bakin ƙofa kuwa bokiti nawa yake sha, rabin ruwan ma a kan duwatsu yake ƙarewa? Kuma kullum da azahar ruwan alwala yana kwarara a banza a bakin masallaci. Babu sabulu a cikinsa. Da za a ajiye kwano ko bokiti a tare shi, da ya ishi tukwane da yawa ba tare da an ƙara taɓa famfo ba. Ranar Asabar da Lahadi kuma a cika gorar roba da ruwa, a huda murfin da allura, a kifa ta cikin ƙasar tukunyar, ta riƙa ɗiga a hankali.

Wasu kuma za su ce ai ba a cin fure, gara a shuka alayyafo ko tumatir. Mu ba mu ƙi ba, gonar makaranta tana nan a baya. Sai dai abin da ake koya a jikin wardi ɗaya yana da yawa. A darasin aikin gona an rubuta mana a allo cewa ana iya samun sabuwar shuka daga yankakken reshe, mun haddace, mun rubuta a jarrabawa, amma yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Gajeren wardi yana kamawa ta wannan hanya. A yanko reshe mai lafiya kamar santimita 10 zuwa 15, a cire ganyen ƙasa, a soka shi a ƙasa mai laima, a kifa masa rabin gorar roba a inuwa. Bayan mako huɗu zuwa shida, in an yi sa'a, ya yi saiwa. Wato in aka sayi guda biyu ko uku a wajen masu sayar da fulawa na bakin titi, sauran azuzuwa a jikinsu za su samu.

Ba mu ce aikin mai sauƙi ba ne. Wardi ya fi jin daɗin wuri mai sanyi, shi ya sa ya fi yin kyau a Jos, shi ya sa kuma ƙasar Kenya take noma shi da yawa a yankin tafkin Naivasha tana kai wa Turai. A nan sai an sa ido. Da rani akwai wasu 'yan mitsi-mitsin kwari da suke ɓuya a bayan ganye su yi saƙa kamar ta gizo-gizo, har ganyen ya koma ruwan ɗorawa. Maganinsu a riƙa wanke bayan ganyen da ruwa da safe. Da damina kuma ganye yakan yi baƙin tabo in ya daɗe a jiƙe, sai a tsinke waɗanda suka kamu a zubar nesa, ruwa kuma a gindi za a zuba. Furen da ya yi yaushi a datse shi domin wani ya fito. Wasu tukwanen za su mutu duk da haka. Amma in ta aji biyu A ta mutu, ta aji biyu B tana fure, ba sai an kira kowa gaban taron safe ba, 'yan ajin da kansu za su je su tambayi maƙwabtansu yadda suka yi.

Yayyenmu na manyan azuzuwa, muna roƙon ku da ku bar furen a jikin reshensa. Mun san yana da kyau a cikin littafi, amma reshe yakan ɗauki makonni kafin ya sake yin wani.

Muna roƙon Shugaban Makaranta ya ba mu izinin gwadawa da tukwane shida a gaban azuzuwan aji ɗaya da aji biyu na tsawon zango guda, malamin aikin gona ya duba mana haɗin ƙasar, a kuma daina sa wanda ya makara ban ruwa. Kowane aji ya rubuta jerin masu ban ruwa kamar yadda ake rubuta na shara. Duk wanda ake da wardi a gidansu kuma iyayensa suka yarda ya yanko reshe, ko yake da tsohon bokiti, ya kawo wa ƙungiyar 'yan jarida ranar Laraba bayan an tashi.