Harajin hayaƙin mota: Abin da ya raba tsakiyar Landan da bayan garinta

Wanda ya san Landan ta hotunan jajayen motocin bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa zai ɗauka mallakar mota a birnin ƙawa ce kawai. A tsakiyar gari, kusan haka abin yake. Amma a ƙananan hukumomin da ke gefen birnin, irin su Bexley da Bromley da Sutton, babu tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ko ɗaya, sauran jiragen ƙasan da ke ratsa su kuma akasarinsu tsakiyar gari suka nufa. An shimfiɗa layukan ne domin kai ma'aikata ofis da safe a dawo da su da yamma, ba domin mai gyaran famfo da zai bi gidaje huɗu a unguwanni huɗu ba, ko mai kula da tsofaffi da ke tashi daga aiki tsakar dare. Waɗannan mota ce jarinsu.

A kan wannan gaɓa ce rikicin harajin hayaƙi, wanda ake kira ULEZ, ya taso. An fara shi a tsakiyar birnin a 2019, aka faɗaɗa shi a 2021, sannan ranar 29 ga Agustan 2023 Magajin Garin Landan, Sadiq Khan, ya game dukkan ƙananan hukumomin birnin da shi. Duk motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba, wato galibi mai fetur da aka ƙera kafin 2006 ko mai dizal ta kafin ƙarshen 2015, za ta biya fam 12.50 a duk ranar da ta hau titi. Mai fita aiki kwana biyar a mako zai kashe sama da fam 3,000 a shekara, kuɗin da sau da yawa ya fi darajar motar kanta.

Hujjar Magajin Garin ba ta wasa ba ce. A 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abubuwan da suka yi ajalin wata yarinya 'yar shekara tara mai ciwon asma, wadda gidansu ke kusa da wani babban titi a kudancin birnin. Hukumar sufurin Landan ta kuma ce motoci tara cikin goma da ke zirga-zirga a bayan gari sun riga sun cika ƙa'idar. Sai dai ɗayar da ta rage ɗin ta wanda ba shi da halin sauya mota ce, kuma tallafin fam 2,000 da aka ware wa mai miƙa tsohuwar motarsa, kafin a dakatar da shi a 2024, da ƙyar yake sayen wata mai lafiya a lokacin.

Siyasa ta shigo nan da nan. A zaɓen cike gurbi na Uxbridge a Yulin 2023, jam'iyyar Conservative ta riƙe kujerar da ratar ƙuri'a 495 kacal bayan ta mayar da harajin jigon kamfen ɗinta. Ƙananan hukumomi huɗu na Landan da majalisar gundumar Surrey sun garzaya kotu, suka sha kaye. Wasu ɓoyayyun mutane suka shiga lalata kyamarorin da ke ɗaukar lambobin motoci. Duk da haka Khan ya sake cin zaɓe a Mayun 2024, a kan 'yar takarar da ta yi alƙawarin soke faɗaɗawar.

Nasarar ta rufe bakin 'yan adawa, amma ba ta gajarta tafiyar kowa ba. Matakin da ya taɓa ainihin matsalar shi ne Superloop, jerin motocin bas masu tsallake tashoshi da akasarinsu ke haɗa unguwannin bayan gari da junansu ba tare da sun shiga tsakiyar birni ba. Ɗaya daga ciki tana tashi daga Thamesmead, unguwar da 'yan Najeriya suke da yawa kuma har yau ba ta da tashar jirgin ƙasa, ta nufi Bromley. Abin zargin shi ne tsarin ya zo a makare: wannan layin bai fara aiki ba sai a 2024, watanni bayan an fara karɓar harajin. Kuma bas ce, cunkoson da ke tsayar da mota shi ke tsayar da ita, ba ta kuma ɗaukar tsani da akwatin kayan aikin mai gyaran famfo.